Kujerar da Anti Efuwa Ta Ba Ni a Ankara

A Malanbil aka raba ni da takarduna, ban cika kwana biyu da barin gida ba. Malanbil ce garin farko da mutum ke takawa a ƙasar Benin in ya haye gadar Kwara daga Gaya ta Nijar. Na sauko daga mota da akwati a hannu da jakar fata a rataye. A cikin jakar akwai takardar shaidar malantata da wasiƙar da wata makarantar koyon aikin jarida ta aiko mini daga Ankara, babban birnin Gana, tana cewa in zo.

Sunana Garba, haifaffen Gwandu. Mahaifina magatakardan alƙali ne, a gidanmu kuwa ko mata suna karanta ajami. Na yi shekara huɗu ina koyarwa a firamare a Kalgo, ina kuma rubuta ƙananan labarai ina aikawa gidan rediyo a Sakkwato, wani a karanta, wani a jefar. Wannan a tsakiyar shekarun tamanin ne, Kabi ba ta zama jiha ba tukuna.

Mutumin da ya tarye ni a tasha dogo ne, mai tsabta, da carbi a hannu. Ya ji Hausata ya ce ai shi ma a Bunza aka haife shi. Ya ce zai samo mini kujera a motar Kwatano, amma sai an buga wa takardun makaranta hatimi a wani ofishi bayan kasuwa. Azahar ta yi, sai ya ce, "Malam, yi sallarka, kafin ka sallame na dawo." Na miƙa masa jakar da hannuna. Fasfo ne kawai ya tsira, don yana aljihun riga.

Na zauna a kan akwatin nan har la'asar ta wuce. Wata dattijuwa Bazabarma mai fataucin albasa, Hajiya Ramatu, tana zaune a inuwar babbar motar da ake yi mata lodi, ashe tun ɗazu tana kallona. Ta aiko aka kira ni.

"Ɗana, wanda kake jira ba zai zo ba," in ji ta. "Gida za ka koma ko gaba za ka yi?"

Na tuna yadda aka raka ni tasha a Kalgo, har da shugaban makarantarmu. Na ce mata gaba zan yi.

"To motata Ankara za ta. Babu kujera, sai saman buhu."

Kwana biyar muka yi a hanya. Rana ta gasa ni a saman albasa har fatar goshina ta saɓule, warin kuma ya shiga tufafina ya zauna. Daga garin Faraku zuwa kudu ƙasa ta fara canzawa, gero ya ɓace, sai rogo da kwakwar manja, ruwan sama kuma ba ya sallama. A Lome zazzaɓi ya kama ni. Hajiya Ramatu ta sa aka sauko da ni gaban mota, ita ta koma gefen ƙofa ta takure, tana ba ni kunu da ludayi. Da muka isa Ankara na rasa da wane baki zan gode mata. Ta ce in na samu wuri in zo kasuwar albasa in gaya mata, don hankalinta ya kwanta.

A makarantar, magatakarda ya saurare ni da ladabi, ya duba ya ga sunana a jerin waɗanda aka ɗauka, amma ya ce ba takardun shaida ba shiga. Na rubuta gida a nemo mini wasu, na san kuwa abin zai ci watanni. Sai neman ɗaki, nan na gane a wane lokaci na zo. Shekara biyu ke nan da Najeriya ta kori 'yan Gana, kusan kowane gida akwai wanda ya dawo da jaka ɗaya ko wanda bai dawo ba. Da zarar na faɗi ƙasata sai fuska ta canza. Wata mai gida ta ce mini da Turanci, ba tare da ɗaga murya ba, "Ɗana a tashar jirgin ruwa ya kwana sati biyu a ƙasarku. Kai ma ka gwada."

A wani masallaci a Nima, unguwar da Hausawa da sauran mutanen arewa suka fi yawa, na yi kwana uku. Hausar Nima daban take, mace ma "ya zo" ake ce mata, sai na riƙa jin kamar ana magana da harshena a bayan bango. Rana ta huɗu ina tambayar mai koko ko akwai ƙosai, wani tsoho mahauci da ke gefe ya ajiye kofinsa.

"Wanga harshe na gida ne. Daga ina kah hito?"

"Gwandu, Baba. Amma Kalgo nike aiki."

Ya daɗe yana dubana. "Ni Dangoma anka haihe ni. Shekara arba'in ban taka ta ba. Ɗauko kayanka mu tahi."

Baba Manu ke nan. Ya ba ni tabarma a zaurensa, bai taɓa tambayata yaushe zan tashi ba. Abin da yake so kawai, bayan an ci abinci in ba shi labarin gida: ko har yanzu ruwa na cika fadama ya taɓa hanya, ko ana cin kasuwar Kalgo kamar da. Yakan tambaye ni mutane da sunansu, yawancinsu sun rasu tun ban san kaina ba. Ni kuma ba da labarin yana tayar mini da kewa. Wata rana na ga wata mata tana dama fura a bakin titi, na tsaya ina kallonta har ta tsargu.

Don kada in zauna haka, na kafa tebur kusa da kasuwar albasa ina rubuta wa mutane wasiƙa, da boko da ajami da Turanci. Ta haka na san unguwar ciki da waje.

Wata na biyar da zuwana gobara ta tashi a layinmu da hantsi, ta ci ɗakuna da dama. Wani tela, Malam Isufu, ya koma ciki don ya fito da 'ya'yansa mata biyu, duk ukun ba su fito ba. Da ni aka yi musu sutura. Ranar Asabar wata jaridar mako-mako ta buga labarin a layi shida, ta ce wasu baƙi uku sun mutu a unguwar da aka sani da cunkoso da ɓarayi. Babu suna ko ɗaya. Malam Isufu kuwa a Ankara aka haifi kakansa.

Na zauna na rubuta wa editan jaridar wasiƙa da Turanci. Na rubuta sunayen mamatan, da shekarun yaran, da ajin da babbar take a makaranta, da yadda uban ya mutu. Na kai da ƙafata na ba mai gadi. Bayan sati ɗaya aka buga wasiƙar gaba ɗaya, a ƙarƙashinta an rubuta cewa edita na son ganin marubucin.

Na zaci namiji zan tarar. Sai ga mace 'yar gajera, ta haura hamsin, gashinta a aske ya yi furfura, tabarau na rataye a wuyanta. Kowa a gidan jaridar Anti Efuwa yake ce mata. Da Turanci muka yi magana.

"Wanda ya rubuta labarin nan bai shiga unguwarku ba," in ji ta. "A bakin titi ya tsaya ya tambayi direban tasi. Amma ni na karanta na bari ya wuce, don haka laifin nawa ne." Ta nuna mini ɗakin labarai ta gilashin ofishinta. "Dubi mutanen nan. Duk ƙwararru ne, kuma kusan duk coci ɗaya, makaranta ɗaya, abinci ɗaya. Rabin garin nan ba mu jin abin da yake faɗa. Kana iya rubuta labari?"

Na ce ina iyawa, amma ba ni da takardu, kuma ni ɗan Najeriya ne.

"Na ji a bakinka tun da ka yi sallama. Ka zo Litinin."

Ba ni kaɗai ta jawo ba. Kafin ni ta ɗauko Ayishetu, Badagomba daga Tamale, mace ta farko daga arewacin ƙasar da ta zauna a ɗakin nan, an kuma yi ta gunaguni a kanta. Tebur ɗaya aka ba mu da keken rubutu ɗaya. Anti Efuwa ta matsar da taron ma'aikata daga azahar ɗin Juma'a zuwa safe, ba ta yi wa kowa bayani ba. In ana rabon aiki ba ta yarda a ce labarin Zango, wato unguwannin Hausawa, na Garba ne, na arewa na Ayishetu. Takan tura ni kotu, ta tura wani Ba'ashante Nima tare da ni, ta ce ya je ya ci tuwo ya koyi gaisuwa.

Mataimakinta, Mista Kwaku, bai taɓa kiran sunana ba. "Alata" yake ce mini, sunan da suke kiran 'yan Najeriya da shi. In na kai masa labari sai ya karɓa da yatsa biyu. Na kai ƙara wurin Anti Efuwa, ta ce, "Ƙanensa malamin makaranta ne a Legas. A hanyar dawowa ya mutu, a cikin turereniya, ba su ga gawarsa ba. Ban ce ya kyauta maka ba, zan kuma yi masa magana. Amma gara ka sani." Daga ranar na daina jin zafinsa kamar da, ko da yake bai canza ba.

Na kusa shekara biyu a gidan lokacin da maganar filin kasuwar albasa ta taso. Wani attajiri mai sayar da kayan gini ya ce filin da rumfunan bayan kasuwa suke nasa ne, zai rushe ya gina shaguna. Mutumin nan shi ke cika shafin baya na jaridarmu da talla kowane mako. Na yi kwana uku ina aikin labarin. Na ji ta bakin sarkin albasa, da liman, da manyan dillalai, duk mutanen da na sani. Na kai wa Anti Efuwa ina jin ban taɓa rubutu mai kyau kamarsa ba.

Ta karanta ta cire tabarau. "Wa ke kwana a rumfunan da za a rushe?"

"Mata 'yan dako, masu ɗaukar kaya a ka."

"Me suka ce?"

"Ba su jin Hausa sosai, Anti. Daga ƙauyukan arewa suke. Kuma sarkin albasa ya yi magana a madadinsu."

"Su suka naɗa shi?" Ta miƙo mini takardun. "Garba, ka zo nan ne don wani ya tsaya a bakin titi ya rubuta labarinku. Yau kai ma a bakin titi ka tsaya, sai dai naka titin yana cikin kasuwa. Ɗauki Ayishetu ku koma."

Muka koma. Matan nan na sha ganinsu, sun sha wuce teburina da buhu a ka, ban taɓa sanin sunan ko ɗaya ba. Ayishetu ta zauna a ƙasa cikinsu tana magana da Dagombanci tana fassara mini. Wata mai suna Azara ta nuna mana lungun da ta haihu, tsakanin buhuna, da igiyar da take ɗaure ɗanta a ƙafa in za ta ɗauki kaya don kada ya rarrafa titi. Ta ce dillalai za a ba su wasu rumfuna a sabon wuri, an gama magana da su, su kuwa ba wanda ya ce musu komai. Wannan sarkin albasa bai gaya mini ba.

Ina rubutu a gwiwata, sai ajina na Kalgo ya faɗo mini a rai. 'Ya'yan masunta na bakin gulbi da 'ya'yan Dakarkari masu zuwa aikin gona, can baya suke zama. Shekara huɗu ina koya musu, ban iya gaisuwa da harshen ko ɗaya daga cikinsu ba, ban kuma taɓa aika labarinsu rediyo ba. A gida ni ne mai ɗaki, shi ya sa ban taɓa lura da wanda ke tsaye a waje ba.

Anti Efuwa ta sa labarin a shafin farko da sunana da na Ayishetu. Ƙungiyoyin mata da wasu malaman coci da na masallaci suka shiga maganar, aka dakatar da rushewar har sai an samar wa matan wurin kwana. Attajirin ya janye tallarsa, ya kuma binciko cewa ba ni da izinin aiki a ƙasar. Mai jaridar ya kira Anti Efuwa ya ba ta zaɓi: ta buga neman afuwa, ta ce wani baƙo ne ya ruɗe ta, ta sallame ni da Ayishetu, ko kuma ta ajiye aiki.

Ta tara mu a ɗakin labarai da safe ta faɗi abin da ake ciki. "Batun izinin Garba gaskiya ne, sakacina ne ban nema masa ba, wannan na amsa. Amma labarin babu ƙarya ko ɗaya a cikinsa, ba zan sa hannu a ce akwai ba." Ta kwashe littattafanta a kwali. Shekara goma sha tara ta yi a gidan.

Na bi ta har bakin titi ina ba ta haƙuri. Ta ce, "Kada ka ɗauki wannan ka ɗora wa kanka. Ka koma gida ka yi aiki, akwai ɗakin labarai a can ma."

Mista Kwaku aka ba kujerarta. Ya gaya wa mai jaridar cewa in aka taɓa Ayishetu shi ma zai tafi, sai aka bar ta. Ni kuwa ya kira ni ya ce ba shi da yadda zai riƙe ni. Ranar tafiyata sai ga shi da motarsa a ƙofar Baba Manu. Ya kai ni har tasha. Da na sauke akwati ya miƙo mini ambulan, takardar shaida ce ya rubuta da hannunsa a kan aikina. Ya ce, "Ka sauka lafiya, Garba." Na roƙi Baba Manu mu taho tare ko na wata ɗaya ne, ya girgiza kai ya ce, "Wa zan iske?" A Ankara ya rasu bayan shekara uku.

Takardar Mista Kwaku ce ta samar mini aiki a rediyo. Da aka yi jihar Kabi na dawo Birnin Kabi, daga baya aka ba ni shugabancin ɗakin labarai a wani gidan rediyo. Ranar farko na dubi ɗakin, duk mu ne: 'ya'yan malamai da 'ya'yan ma'aikata, Gwandu, Argungu, Jega, maza zalla. Na shiga nema. Na ɗauko Ladi, Badakkara daga ƙasar Zuru, da wani Bakambare daga Yawuri, da Bazabarme, da wani Bafulatani da ya tashi a ruga. Ba a yi mini tafi ba. Wani abokin aikina, wanda muka yi makarantar allo tare a Gwandu, ya ce na je Gana na kwaso baƙin ra'ayi, ya yi shekara ba ya shiga ofishina. Sai da muka yi ta kai da kawowa kafin a ba mu minti biyar-biyar na labarai da harsunan nan.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in wasiƙar Ayishetu ta iso. Ita ce editan jaridar a lokacin. Ta ce waɗanda Anti Efuwa ta buɗe wa ƙofa za su taru su karrama ta, in zo in da hali, don jikin Anti ya yi rauni. Na tafi, a kujera wannan karon. A ɗakin taron wata makaranta aka yi, mun kai talatin, daga kowane lungu na ƙasar, wasu sun zama editoci, wasu suna rediyo. A keken guragu aka turo ta, shanyewar ɓarin jiki ta taɓa harshenta. Kowa ya tashi ya faɗi garinsu da ranar da ta ɗauke shi. Da aka miƙa mata lambar girmamawa ta daɗe tana haɗa kalmomi, sannan ta ce, "Na yi latti. Shekara goma na yi a kujerar kafin in lura da waɗanda ke waje." Iyakar jawabinta ke nan.

Wata huɗu bayan haka Ayishetu ta bugo waya ofis ta ce ta rasu. Na rubuta labarin rasuwar a layi takwas na sa a cikin labaran yamma, na ce a fassara shi da kowane harshe da muke watsawa. Manajanmu ya tambaye ni ko wace ce ita a wurin mutanen Kabi. Na ce ya leƙa ɗakin labarai ya dubi waɗanda ke zaune. Ya yi ɗan tunani ya sa hannu.

Ranar na tashi da wuri na tafi Kalgo gaida ƙanwar mahaifiyata. Bayan la'asar na tsaya wurin wani mai gyaran keke a bakin kasuwa, rediyonsa na rataye a reshen dalbejiya. Wasu Dakarkari uku da suka taso daga aikin shinkafa a fadama suna zaune a kan benci, laka har gwiwa. Aka gama labarai na Hausa, aka gama na Fulatanci, sai muryar Ladi ta shigo da Dakkarci. Ɗaya daga cikinsu ya tashi ya ƙara murya. Ban fahimci komai ba sai sunan Efuwa da na ji sau biyu. Da ta gama, dattijon cikinsu ya juyo ya ga ina share ido.

"Malam, matar nan da aka ce ta mutu, 'yar'uwarka ce?"

Na ce masa uwar ɗakina ce, ita ta koya mini aiki.

Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya yi mini gaisuwa da harshensu, doguwa, sauran biyun suna amsawa. Na tsaya har ya gama, sannan na roƙe shi ya koya mini yadda ake amsawa. Ya faɗa a hankali, na maimaita, ya gyara mini, na sake.